Ambaliya Ba Ta Jiran Motar Agaji: Darasin Ƙasashen Tsibirai Ga Mutanen Potiskum

Daminar 2024 ta matse Potiskum ta gabas da yamma. A watan Agusta ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, hanyar da tirelolinmu na shanu da hatsi ke bi dare da rana. Bayan 'yan makonni, a daren 9 ga Satumba wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kutsa cikin Maiduguri. Fadar Shehun Borno ta sha ruwa, haka kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da maƙabartar Gwange. Ruwa ya tafi da dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, fursunoni sama da 270 suka fice bayan katangar gidan yari ta faɗi, kimanin mutum 400,000 suka bar gidajensu. Da wuya a samu gida a unguwarmu ta Hausari da bai kwana yana neman wani ɗan'uwa a waya ba.

Amma da rani ya shigo sai maganar ta mutu. Mutumin Potiskum yana ɗaukar ambaliya ta mutanen Gashuwa ce da Nguru da Gaidam, mazauna bakin Komadugu Yobe da fadamunsa. Mu ba mu da babban kogi, balle teku. To, wanda ya taɓa kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki da bokiti a Hausari ko Dogo Nini ko Dogo Tebo ya san ba sai da kogi ake ambaliya ba. Ruwan sama na awa uku ya isa. In hanya ta yanke, wuta ta ɗauke, waya ta ƙi shiga, unguwa ta zama tsibiri ke nan. Ba mai shigowa, ba mai fita. Abin da ke hannunku shi za ku ci, wanda ke kusa da ku shi zai cece ku. Shi ya sa labarin ƙananan ƙasashen da ke tsakiyar teku ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Sun riga mu shiga wannan hali, sun daɗe suna neman mafita, wasu dabarunsu sun ci, wasu sun faɗi warwas.

Waɗanda ruwa ya kewaye

Akwai ƙasar Maldibs a tekun Indiya, ƙasar Musulmi ce, mutanenta wajen rabin miliyan, a warwatse kan tsibirai kusan 1,200. Yawancin ƙasar ba ta kai mita ɗaya a saman ruwan teku ba. Igiyar tsunami ta Disambar 2004 ta yi mata ɓarnar da ta haura kashi 60 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A 2009 shugabanta na lokacin, Mohamed Nasheed, ya tara ministocinsa suka yi zama a ƙarƙashin ruwa da kayan ninƙaya, don kawai duniya ta waiwaye su. A yankin Karibiyan kuma akwai Dominika, wadda mutanenta ba su wuce 70,000 da wani abu ba, ba su ko kama ƙafar yawan mutanen Potiskum ba. Ranar 18 ga Satumban 2017 mahaukaciyar guguwa mai suna Mariya ta bi ta kansu a dare ɗaya. Da aka yi lissafi, asarar ta kai kashi 226 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu a shekara. Wato wahalar fiye da shekara biyu ta tafi kafin asuba.

Abin lura a nan shi ne yadda ake auna bala'i. Ba yawan abin da ya salwanta ake dubawa ba, ana duba nawa ya rage a hannun mai shi. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar a kan kusan dala biliyan 6.7. Ƙasa ta jijjiga, amma ba ta durƙushe ba, domin tana da faɗi. Manomin Mamudo ko Danchuwa shi ba shi da wannan faɗin. Ɗakinsa na ƙasa, rumbunsa, akuyoyinsa huɗu da gonarsa duk a wuri ɗaya suke, ruwa ɗaya ke cin su. Matsayinsa da na Dominika ɗaya ne, sai dai shi ba a tara ƙasashen duniya a kansa.

Mu ma muna da namu tsibiran, ba sai mun haye teku ba. Tafkin Chadi, inda Komadugu Yobe ke zuba, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Bayan farin 1973 da na 1984 ya tsuke har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan. Tumbunan da suka fito a cikinsa sun tara Buduma da Barebari da Hausawa masunta daga Sakkwato da Kabi da Haɗeja, suna kamun kifi suna noma a inda ruwa ya janye. A shekarun baya-bayan nan ruwan ya riƙa dawowa da ƙarfi yana cin gonakin da aka yi a gadonsa, ga kuma rikicin Boko Haram da ya hana ma'aikatan agaji isa wurare da dama. Fari ya kore su, ruwa ya kore su, bindiga ta kore su.

Me ya sami damina?

Dattawanmu suna cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, kuma masana sun gaskata su. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna manyan hadurran da ke zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Hayaƙin fetur da gas da gawayin ƙasa da masana'antu ke ƙonawa yana riƙe zafi a sararin sama. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi. Hamadar Sahara kuma tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambancin yana ƙara wa hadari ƙarfi. Sai ka ga an yi kwana goma sha biyar ba ɗigo, gero ya fara murɗewa, sannan ruwan wata guda ya sauko a yini ɗaya a kan ƙasar da ta bushe ta ƙi sha. Masanan da suka nazarci ambaliyar 2022 sun ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wancan ruwa a yankin Tafkin Chadi har kusan sau 80.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga haka a 2024. Kusan mutum 400 suka rasu, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram da ya haura shekara 150 a tsaye ya rushe a farkon Satumba. A ranar 29 ga Mayun 2025 kuma ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja da asuba, ya kashe mutum fiye da 150.

Ba mu muka hura wannan wuta ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ƙananan tsibirai kuwa ba su kai kashi 1 ba. Su ne suka fara ɗaga murya. Tun 1991 ƙasar Banuwatu ta tekun Fasifik ta nemi a kafa asusun da zai biya ƙasashen da teku ke ci. Sai da aka shekara 31 kafin a amince, a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022. Da aka buɗe asusun a Dubai a 2023, alkawarin da aka tara bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba, wanda ko kashi ɗaya cikin takwas na ɓarnar Najeriya kaɗai a 2022 bai kai ba. Banuwatun ce kuma ta ja gaba har Kotun Duniya ta bayyana, ranar 23 ga Yulin 2025, cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa doka. Haƙƙi ne, a ci gaba da nemansa. Amma wanda katangarsa ke tsatsar ruwa a watan Agusta ba zai jira hukuncin kotu ba.

Kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: rabin ambaliyar cikin gari da hannunmu muke haɗa ta. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, su ne matattarar ruwan unguwa. Mun cike su da shara, mun yanka filaye, mun sayar. Hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a haife mu, mun dasa mata harsashin gini a tsakiya. Kwatar da gwamnati ta gina mun mai da ita juji, ledar ruwa da ta shinkafa da robar lemo sun toshe kowane kwalbati. Mai hali ya ɗaga daɓen ƙofar gidansa ya tura wa maƙwabcinsa talaka ruwa, ya shiga ya kwanta. Bishiyoyin da ke riƙe ƙasa a bayan gari sun zama gawayi. In ruwa ya zo ya tarar an tare masa hanya, ɗakin wani zai shiga, kuma galibi ɗakin wanda ba shi da ƙarfi ne.

Su wa ke fara ceto?

A tsibirin Simeulue na ƙasar Indunusiya, kusa da inda girgizar ƙasar 2004 ta taso, akwai mutum wajen 78,000. Tsunamin da ya kashe sama da mutum 200,000 a ƙasashe daban-daban, mutum 7 kawai ya kashe a can. Ba na'ura ce ta cece su ba. Irin wannan bala'i ya taɓa faɗa musu a 1907, sai kakanni suka mai da labarin abin faɗa wa jikoki: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, a bar komai a hau tudu. Da ranar ta zo, kowa ya san abin yi. A Kyuba ma, ƙasar da ba ta da wani arziki, kowace unguwa tana da jerin sunayen tsofaffi da masu ciki da naƙasassu, an san wanda zai ɗauki kowa da inda za a kai shi. Da guguwar Iban ta tunkaro su a 2004 sun kwashe kusan mutum miliyan 2, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Haka aka gani a Maiduguri. Kafin jiragen ruwan hukuma su wadata, matasan unguwa ne da masu kwale-kwale da direbobin manyan motoci suka riƙa fito da mutane, mata suka ɗora tukwane suna dafa wa waɗanda ba su taɓa gani ba. Mu ma mun san wannan hali. Lokacin da rikicin Boko Haram ya koro mutane daga garuruwansu, yawancinsu ba a sansani suka sauka ba, a zaurukan mutane da ɗakunan 'yan'uwa suka sauka. Zuciyar taimako muna da ita. Tsari ne babu.

Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Amma sanarwar da ta tsaya a Abuja da Damaturu, ba ta kai kunnen tsohuwar da ke kwana a ɗakin da bangonsa ya tsage ba, ba ta yi aikin komai ba. Wa zai kai mata? Mai unguwa, da liman a kan mumbari, da lasifikar masallaci, da malamar Islamiyya, da 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam da na Red Cross, waɗanda a kullum muke ganinsu da kaki a wajen wa'azi da Idi. Ga rundunar nan a shirye, horo kawai take buƙata da wanda zai haɗa kanta.

Masu cewa ruwan Allah ne, ba a shirya masa, su tuna da ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. An nuna masa yunwa tana tafe, bai naɗe hannu ba, ya sa aka tara hatsin shekara bakwai. Tanadi ba ya kore tawakkali.

Katifa da shinkafa ba su ne farfaɗowa ba

Wannan ita ce gaɓar da na fi so mu tsaya a kai. Ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti. Duniya ta yi alkawarin biliyoyin daloli, ƙungiyoyi suka yi ta sauka kamar fari. Amma cikin kuɗin agajin gaggawa, abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙungiyoyin 'yan ƙasa ma ɗan abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Yawancin kuɗin sun koma aljihun kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasashen da suka bayar. Shekaru suka shuɗe dubban mutane na cikin tamfol. Ƙari a kan haka, sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo da cutar kwalara ta hanyar bayan gidan sansaninsu da ya malala cikin kogi, ta kashe kusan mutum 10,000. Sai a Disambar 2016 Sakatare Janar Ban Ki-moon ya nemi gafara. An yi wa mutanen Haiti aiki ba tare da an tambaye su abin da suke so ba, shi ya sa da baƙin suka tafi ba a bar musu komai a tsaye ba.

Dominika ta bi wata hanya. Tun 2007 ƙasashen Karibiyan suka haɗa asusun inshora na bai-ɗaya, kowace ƙasa tana zubi duk shekara. Ba a jiran a zo a ƙirga gidajen da suka rushe. Da zarar ma'auni ya nuna ƙarfin iska ko yawan ruwa ya kai iyakar da aka yi yarjejeniya a kai, kuɗi na fita cikin kwana 14. Haka Dominika ta karɓi kimanin dala miliyan 20 cikin mako biyu bayan Mariya. Ba su isa gyara ƙasa ba, amma sun zo a lokacin da naira ɗaya ta fi goma ta bayan wata shida. Ƙasar Giranada kuma ta sa sharaɗi a takardun bashinta cewa in guguwa ta afka mata za ta dakatar da biya, ta kuma yi amfani da shi a 2024 bayan guguwar Beril. Tarayyar Afirka ta kafa irin wancan asusun inshora a 2012, kuma Nijar da Senegal da Muritaniya sun karɓi kusan dala miliyan 26 daga cikinsa a farkon 2015 bayan fari.

Mu dawo gida. In ambaliya ta ci unguwa, me ke biyowa baya? Manya su zo jaje, a ɗauki hoto, bayan kwanaki mota ta kawo shinkafa da taliya da man girki da katifa da bargo. Ba na raina wannan, mai jin yunwa ya san darajarsa, kuma ma'aikatan hukumomin agaji na NEMA da SEMA da yawa suna aiki cikin ruwa da rana da kayan da ba su isa ba. Amma buhun shinkafa na ƙarewa cikin wata guda. Daga nan ne ainihin bala'in ke farawa, lokacin da kowa ya watse. Magidanci ya kai akuyarsa kasuwa ya sayar da ita a wulaƙance don ya sayi kwano. Ya ci irin da ya ajiye don baɗi. Ya ci bashin hatsi da za a biya ninki da kaka. Mai ƙosai da ruwa ya tafi da kaskonta da jarinta ta zauna. A cire yaro daga makaranta a tura shi talla ko ga-ruwa. Sannan a sake tayar da ɗakin da ƙasar da ta rushe, a gurbin da ta rushe, a jira wata daminar. Gidan da ambaliya ta ci sau biyu a jere da wuya ya sake miƙewa.

Farfaɗowa ita ce irin wake ko gero mai saurin nuna da zai zo a kan kari, da injin ban-ruwa don noman rani, da ɗan jarin da za a miƙa wa mace a hannunta, da siminti buhu kaɗan da za a ɗaga harsashin ɗaki da shi ya fi ƙarfin ruwa, da fili a kan tudu ga wanda gidansa ke kan hanyar ruwa. Sau da yawa kuɗi a hannu sun fi kaya amfani, domin mai gida ya fi kowa sanin inda ke masa yoyo, kuma kuɗin a kasuwar garin za a kashe su, ɗan tireda ma ya samu.

Akwai kuma dalilin da ya sa dogaro da baƙi ya zama haɗari a yanzu. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage abin da suke bayarwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 910 don jihohin Borno da Adamawa da Yobe a shekarar, abin da ya shigo bai ko kusa ba. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas, kuma cibiyoyi 150 masu kula da yara masu tamowa na iya rufewa. Rijiyar da muka saba ɗiba tana ƙafewa.

Abin da ke hannunmu

Tun watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko, kowane layi ya fito gayyar yashe kwata, kuma a kwashe abin da aka yaso a kai juji, kada a tara shi a baki ruwan farko ya mai da shi. Mai ginin ƙasa ya duba gindin bango, nan ne ruwa ke ci har ya kwantar da shi. A yi yaɓe, a gyara indararo ya riƙa zuba nesa da bango, a yi wa gindin katanga daɓe mai gangara. Da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa a ambaliyar cikin gari ba nutsewa suke yi ba, gini ne ke faɗo musu cikin dare. In bango ya jiƙe ya fara tsagewa ko ƙasa na zubowa daga rufi, a fitar da yara da tsofaffi a daren, kada a ce sai da safe. Kunyar kwana a gidan maƙwabci ba ta kai zaman makoki ba.

Takardun gida da na makaranta da katin ɗan ƙasa a ƙulle su a leda a rataye sama, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Hatsi a ɗora shi kan dakali ko katako. In ruwa ya shigo a kashe wuta daga mita. Kada a ratsa ruwa mai gudu: wanda bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum, wanda ya kai rabin taya yana iya jan ƙaramar mota, ga ramin kwalbati da ba a gani. 'Yan acaba da masu Keke Napep, wannan da ku nake. Iyaye mata, a tsare yara daga wanka a kududdufi. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Bayan ruwa ya janye sai cuta ta biyo. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, daga nan amai da gudawa. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin, ko da ya yi garau a ido. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma garzaya da shi asibiti, domin kwalara tana iya kashe babba cikin sa'o'i. A ɗaura gidan sauro, a kula da macizai da ke fakewa cikin kaya.

Sai tanadin unguwa. Adashi mun iya shi, rumbun tsimi kakanninmu sun yi shi, zakka da waƙafi addininmu ya zo da su. Me zai hana kowane masallacin unguwa ya buɗe asusun damina, kowane gida ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa daga kaka zuwa bazara, manoma su ba da kwanon hatsi, a damƙa wa amintattu uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a? A yi yarjejeniya tun da wuri kan wanda za a fara ba: gwauruwa mai marayu, tsoho marar mai taimako, naƙasasshe. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga masu tireloli, bai kamata ya rasa abin da zai rufa wa gida hamsin asiri kafin agajin gwamnati ya iso ba. Attajiranmu masu neman lada su sani gina kwata a layin talakawa sadaka ce mai gudana.

In kayan agaji sun zo, kowa ya san haƙƙinsa. Kyauta ne. Ba a biyan ko sisi don a rubuta suna, kuma duk wanda ya nemi wani abu daga mace ko yarinya kafin ya ba ta kati, azzalumi ne, a kai ƙararsa. A rubuta sunaye gida-gida tare da mai unguwa da liman da wakiliyar mata, a karanta su a fili kafin rabo. A tuna da waɗanda ake yawan tsallakewa: 'yan haya, matan da ke cikin takaba ko kulle ba sa iya shiga layi, almajiran da tsangayarsu ta rushe, da makiyayan da ke bayan gari. Wanda ruwa bai taɓa shi ba ya shiga layi ya karɓa, haƙƙin wani ya ci.

Hukuma kuma a tambaye ta, cikin ladabi amma ba tare da tsoro ba. Akwai Asusun Kula da Muhalli tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don jihohin arewa 19 da Abuja, Yobe na ciki. Madatsar Alau ta taɓa cika ta ci Maiduguri a 1994, amma sai da ta ɓalle bayan shekara 30 aka amince da naira biliyan 80 don gyaranta. Kada mu bari namu ya zama haka. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa su faɗa mana wace magudanar ruwa ce ke cikin kasafin bana, wa ke ba da izinin gini a kan kududdufi, kuma wace makaranta aka ware don saukar mutane in ruwa ya ci unguwa.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna, Mai Martaba Sarkin Fika da Mai Martaba Sarkin Potiskum, su umarci hakimai da masu unguwanni kowa ya kira taron unguwarsa kafin ruwan farko na bana. Ku kuma matasan Hausari, kada ku jira a kira ku. Ku je wurin mai unguwa a wannan makon, ku ɗauki littafi da biro, ku bi layi-layi ku rubuta gidajen da ruwa ya shiga bara da mutanen da ba za su iya fita da ƙafarsu ba.